Ranar da Sarauniya Amina ta yi Turanci a Jos

Akwai wata al'ada a garin nan da yawancinmu 'yan unguwa ba mu san da ita ba, alhali a ƙarƙashin hancinmu ake yin ta. Idan sanyin hunturu ya fara sassautawa, bazara na ƙwanƙwasa ƙofa, kafin ruwan farko ya sauka, wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo mai suna Jos Repertory Theatre takan kafa dandali ta yi kwanaki a jere tana nuna wasanni, kowane maraice da nasa. Wani tsohon wasa ne da aka rubuta tun kafin a haifi 'yan wasan, wani kuma sabo ne amma an mayar da labarinsa can baya, an sa wa mutane tufafin kakanni. Na taɓa zuwa sau ɗaya, wani abokina malamin makaranta ne ya ja ni. Na waiga hagu na waiga dama, masu hula irin tawa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Tun daga ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in ɗan bi sawun tarihin, ko ma gane inda muka rabu da dandali.

Patrick-Jude Oteh ne ya kafa ƙungiyar a 1997, kuma a 2004 ta fara wannan biki na shekara-shekara da ake kira Jos Festival of Theatre. Kalmar nan ta tsakiya a sunansu tana da ma'ana. Ƙungiya ce mai rumbu: tana ajiye wasanni da yawa a ka, ta fito da wannan yau, gobe ta fito da wancan, baɗi ta sake waiwayar na bara. A Turai da Amurka wasu daga irin waɗannan ƙungiyoyi kan yi kakarsu da zafi, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba kuma mutane ke hutu. Nan kuwa kowa ya san damunar Jos, ba ta da alƙawari da kowa, don haka mai hankali ya gama sha'aninsa na fili kafin ta zo. Sau da yawa a harabar Alliance Française suke yi, wato cibiyar koyar da Faransanci, kuma sun samu tallafi daga gidauniyar Ford da ofishin jakadancin Amurka a lokuta daban-daban.

Sun yi wasannin Wole Soyinka, sun yi na marubutan Amurka irin su Arthur Miller da August Wilson. Amma wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne na Wale Ogunyemi a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Ka duba fa: Bayarabe ne ya rubuta, da Turanci, 'yan wasa daga ƙabilu iri-iri suka hau dandali suka yi, a garin da Hausawa ke cike da Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos da titin Bauchi. Ban ce sun yi laifi ba. Wallahi sun kyauta, kuma tarihi ba gonar gado ba ce da za a ce wane kaɗai zai nome ta. Haka Ahmed Yerima ya rubuta Attahiru, a kan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya kwanta dama a Burmi a 1903, shi ma da Turanci. Tambayata ɗaya ce: mu da muke jin harshen da Amina da Attahiru suka yi magana da shi, ina namu?

Kada wani ya ce ai wasan dandali ba namu ba ne, na 'yan boko ne. Wannan magana ba ta da tushe. Bahaushe yana da kakar wasanninsa tun kafin ya ga Bature, har guda biyu ma. Ta farko ita ce tashe, daga goma ga watan azumi, yara da samari su shiga gida-gida, wannan ya zama tsoho mai gemun auduga, wancan ya zama gwauro, a yi dariya, amma a cikin dariyar an tsokani malalaci da marowaci da mai cin amana. Ta biyu kuma bayan an kawar da amfanin gona, lokacin kalankuwa, inda samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, daga baya ma har da Joji da Di'o, su kwaikwayi mulki kacokan. A fada kuwa akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan kwaikwayi sarkin da hakimansa, shi kuma yana zaune yana kallon kansa. Ga 'yan kama masu juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. Wasanni ne da ake maimaitawa kowace shekara, kowa ya san yadda za su ƙare amma ba a fasa kallo. To mene ne rumbun wasanni in ba wannan ba?

Rubutaccen wasa shi ne ya zo da boko. Rupert East, wanda ya riƙe ofishin talifi a Zariya, ya fitar da Six Hausa Plays a cikin shekarun 1930 don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni masu cizo, yana zolayar masu mulki da masu cutar talaka a kasuwa, ya kuma ci gaba da sa ɗalibansa suna yi lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi, nan kusa da mu. Sai Abubakar Tunau da Wasan Marafa, sai Shu'aibu Maƙarfi da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda sai da suka bi ta rediyo kafin su zama littafi. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa ya san Uwar Gulma ta Mohammed Sada, ya san Kulɓa Na Ɓarna ta Umaru Ɗanjuma Katsina. Har Shakespeare an shigo da shi gida: marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night ya zama Daren Sha Biyu. Waɗannan su ne tsofaffin wasanninmu, namu na gado. Yaushe rabon da wani ya ga ɗaya daga cikinsu a kan dandali a Jos, ba a takardar jarrabawa ba?

Shi kansa garin nan ya daɗe da sanin cewa wasa ba wasa ba ne. A 1946 Hubert Ogunde, uban wasan yawo na Yarabawa, ya kawo wasansa Strike and Hunger nan Jos. Labarin babban yajin aikin ma'aikata ne na 1945. Ka tuna ko wane gari ne Jos a lokacin: garin lebura, garin da dubban mutane ke wanke kuza a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. 'Yan sandan Turawa suka hana wasan, aka gurfanar da shi aka ci shi tara. Bayan 'yan shekaru aka sake hana shi wani wasan a Kano, Bread and Bullet, wanda ya yi a kan harbin masu haƙar kwal a Inugu a 1949. Bature bai ji tsoron ganga da rawa ba. Abin da ya tsorata shi shi ne lebura ya zauna a benci ya ga rayuwarsa a gabansa, ya juya ya kalli na kusa da shi. Abin mamaki, Ogunde ya dawo wannan yanki a ƙarshen rayuwarsa, ya fito a fim ɗin Mister Johnson da aka ɗauka a wajen Toro, labarin wani akawu a zamanin Turawa, ya rasu a 1990, shekarar da fim ɗin ya fito.

To yaya aka yi dandali ya kuɓuce mana? Ni a ganina ba kore mu aka yi ba da farko, wata ƙofa ce ta buɗe muka bi ta. Jos ta zama garin kyamara. Gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato shi ya fara nuna hoto mai launi a Nijeriya a 1975. Aka kafa Hukumar Fina-finai ta Ƙasa a 1979 aka ajiye hedikwatarta a nan, ga kwalejin talabijin ta NTA, daga baya ga makarantar koyon fim. A nan aka ɗauki Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, wanda ƙasa gaba ɗaya ta riƙa zaman jira, marigayi Sadiq Daba yana Bitrus. Mu kuma a namu ɓangaren muna da Karkuzu na Bodara, marigayi Abdullahi Shu'aibu, wanda in za a nuna shi sai ka ga yara sun yi cincirindo a tagar mai talabijin. Samarin da ke ƙungiyoyin dirama na unguwa, masu yin wasa a filin makaranta ranar Sallah ko ranar bikin saukar karatu, duk suka karkata can. Da bidiyo ya zo a shekarun 1990 sai ya kwashe ragowar. Jos ta zama ta biyun Kano a fim ɗin Hausa, ta fitar da irin su Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi, Ali Nuhu ma a Jami'ar Jos ya yi karatu, ga shi tun 2024 shi ke shugabantar hukumar fina-finan.

Ba na raina wannan. Ya ciyar da gidaje, ya kai Hausar Jos har Yamai da Kumasi da Jidda. Amma akwai abin da muka bari a baya. Fim ɗin kasuwa yana son abin da zai fita da sauri: soyayya, kishiya, gado, waƙa. Labarin da yana da tsada a fim, sai an nemo dawaki, an gina gari, an ɓoye turakun lantarki da kwanon rufi. A dandali kuwa tabarma ɗaya da fitila da rawani sun isa a ce ga fadar Zazzau, 'yan kallo su yarda. Wato mun bar hanya mai arha ta ba da tarihi muka kama mai tsada, sai tarihin ya zama shi ne abin da ba ma bayarwa. Kuma a tuna yadda Karkuzu ya ƙare: tsufa ya zo, ido ya tafi, sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a 2025. Mutum nawa ne ke da cikakken kaset ɗin wasanninsa a yau?

Sai kuma abin da kowa ya sani, ba sai na tsawaita ba. Daga 7 ga Satumba 2001 garin ya canza. Kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, aka sake shiga wani a Nuwamba 2008, aka sake a Janairu 2010, ga bama-bamai daga baya. Unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Wasan dandali kuwa abin maraice ne, kuma yana buƙatar mutum ya tsallaka gari. Wanda ya saba lissafin ta wace hanya zai bi ya dawo gida kafin dokar hana fita, ba zai ce zai je kallon wasa a wata unguwa ba. Silimun da muka taso muna zuwa, su Kwararafa da Rex, inda Bahaushe da Birom da Ibo ke zama a benci ɗaya suna yi wa jarumin Indiya ihu, su ma labarinsu ya zama na da. Abin yabo ne a ce ƙungiyar Oteh ta fara bikinta a tsakiyar wannan hali, shekara uku kacal bayan 2001, ta kuma yi ta dawowa duk da yankewar da aka samu. Amma gaskiya ita ce tazarar da ke tsakanin Gangare da wurin da suke wasa ta fi ƙarfin a auna ta da kuɗin Keke.

Na san kuma akwai masu ƙyamar abin don addini, suna ganin cakuɗuwar maza da mata da shagala. Damuwarsu ba ta banza ba ce, kuma Jos gari ne na malamai. Sai dai makarantun Islamiyya da kansu suna sa yara wasan kwaikwayo ranar walima, a nuna illar ƙarya ko haƙƙin maƙwabci, iyaye na tafi. Ashe ba dandalin ne matsala ba, abin da aka ɗora a kai ne.

Bari in dawo kan August Wilson, don shi ne ya fi ba ni kunya a cikin waɗanda ƙungiyar ta kawo. Baƙar fatar Amurka ne, ya tashi a wata unguwa ta talakawa a birnin Pittsburgh, unguwar da jikokin bayi suka cika bayan sun baro kudancin ƙasar neman aiki a masana'antun ƙarfe. Mutumin nan ya zauna ya rubuta wasanni goma, kowanne yana wakiltar shekara goma na ƙarni na ashirin, kusan dukkansu a cikin wannan unguwa tasa. Babu sarki a ciki, babu yaƙi. Fences labarin mai kwasar shara ne da ɗansa a 1957. Jitney, wanda aka yi a nan Jos, labarin direbobin kabu-kabu ne a tasharsu a 1977, hukuma na shirin rushe musu wuri. Direbobin kabu-kabu fa! Mutanen da suka zo cin rani suka zama 'yan gari, ana musu kallon baƙi, suna faɗa da 'ya'yansu a kan abin da ya kamata a tuna da abin da ya kamata a manta. In ka cire sunayen ka sa namu, wa zai ce ba a tashar titin Bauchi aka rubuta shi ba?

Mu ma muna da shekarunmu goma-goma, kuma babu wanda ya taɓa su. Ga zuwan Turawan kuza a farkon ƙarnin jiya, da sansaninsu na Naraguta, da mutanen da suka biyo su daga Kano da Zariya da Bauchi da Borno, wasu lebura, wasu fatake, wasu mahauta, wasu malamai masu allo. Tun kafin Bature ma akwai Hausawa masu narkar da kuza a Liruwe, waɗanda zuwan kamfanoni ya kashe musu sana'a. Ga ƙaramin jirgin ƙasa da ya iso daga Zariya a 1914, mai tafiyar hawainiya, wanda aka daina a 1957. Ga shekarun yaƙin Hitila: da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane da ƙarfin hukuma daga lardunan Arewa, dubun dubata, aka kawo su tsaunin nan da 'yar riga ɗaya, mutanen da ba su taɓa sanin irin wannan sanyi ba. Da yawa sun mutu da ciwon ƙirji da yunwa, da yawa sun gudu da ƙafa. Wani Bature masanin tarihi, Bill Freund, ya rubuta littafi a kan leburorin kuza a 1981, yana can a ɗakin karatu na jami'a da Turanci. Amma a cikin unguwar nan akwai gidajen da kakansu ta wannan hanya ya zo, ya ƙi komawa, ya yi aure, ya kafa zuri'a. Jikokinsa suna wucewa ta bakin kududdufan da ya haƙa da kwano a ka, ba su san hannunsa ne ba.

Na san abin da wani zai ce: tarihin Jos wuta ne, kada a taɓa. Gaskiya ne cewa da an ambaci wa ya fara zama, wa ya yi sarauta kafin a naɗa Rwang Pam a 1947, sai kowa ya zaro nasa lissafin, mu da namu, Birom da Anaguta da Afizere da nasu, an kai wa kwamitocin bincike ɗaya bayan ɗaya ba a gama ba. Amma ai nan ne wasa ya fi takardar ƙorafi. Takardar ƙorafi murya ɗaya gare ta. A dandali kuwa dole ka ba kowa bakinsa, in ba haka ba wasan ya mutu tun kafin a kai rabi. In ka sa leburan da aka ɗebo daga Sakkwato, dole ka sa manomin Birom da kamfani ya mayar da gonar accarsa rami, dole ka sa matarsa da ke kawo itace kasuwa tana ciniki da Hausar da ta koya a bakin mahauci, dole ka sa helman da ke cin na sama da na ƙasa. Soyinka da ya rubuta Death and the King's Horseman a kan abin da ya faru a Oyo a 1946, bai bar Di'o ya zama dodo kawai ba, bai kuma wanke nasa mutanen tas ba. Shi ya sa har yau ake yin wasan.

Kuma ba mu rasa gwanin da za mu koya a wurinsa ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a Yuni 2015, da kuntiginsa kaɗai yake kafa dandali. Saurari Jawabin Aure ko Waƙar Karen Mota ka ji yadda yake shiga bakin miji ya fita ya shiga na mata, yadda yake ɗauko mutumin da ba wanda ke kallo ya ajiye shi a tsakiyar fili. Bai yi wa sarakuna da yawa ba, ya yi wa talaka. Abin da Wilson ya yi da alƙalami, shi ya yi da tsirkiya ɗaya.

Akwai wani labari da ya kamata ya ba mu ƙwarin gwiwa, ya kuma tsorata mu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka bi da shi hamada a zamanin cinikin bayi, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan dandali, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa da Hausa a 1976. Wato daga littafi zuwa dandali zuwa majigi, labarin da, da harshenmu, da tufafinmu. Sai fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, har aka ɗauka ya tafi ke nan. A 2016 aka tsinto faya-fayansa a cikin tarin tsofaffin gwangwanaye na hukumar fina-finai, Jamusawa suka taimaka aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa kuwa a nan Jos take. Mutanen Balin sun zauna sun kalli Shaihu Umar da fassara a ƙasan allo, mu da ba ma buƙatar fassarar yawancinmu ba mu gan shi ba.

Wurin yi ma ba a rasa ba. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, ya zarce ta baya wajen gine-ginen gargajiya, zai tarar da kwafin ganuwar Kano da na tsohon masallacin Zariya mai bakan gizo, an gina su da ƙasa kamar na asali. Ranar da na je na ƙarshe, da rana tsaka, ba kowa a wurin sai wasu 'yan makaranta da malaminsu da awaki biyu a gindin ganuwa. Ruwan sama ya ci wani ɓangare na katangar. Wani yaro ya hau kan tudun ƙofar ya ɗaga hannu yana ba abokansa umarni da muryar sarki, su kuma suka zube suna cewa ranka ya daɗe, har malamin ya daka musu tsawa suka sauko.